Ranar da Na Sabunta Kwamfutar Malam Habu

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ta ƙarshen bazara ba, ranar da na tona asirin wani dattijo a gaban jama'a da bakina, ina murmushi, ina jiran a yaba mini. Har yau in abin ya faɗo mini ina cikin cin abinci, sai in tsame hannu.

Sunansa Malam Habu. Shi ne magatakardan hakimi a wata gunduma da ke tsakanin Roni da Gwiwa (ba zan faɗi sunanta ba, don waɗanda aka yi abin a gabansu suna nan da ransu, kuma na san ba su manta ba). Hakimai uku ya yi wa aiki: kaka, da ɗa, da jika. Lokacin da abin ya faru saura masa wata takwas ya cika shekarun aiki. Ba shi da wani buri da ya wuce ya kai wannan rana da ƙafarsa, ya miƙa makullin ofis da hannunsa, a yi masa addu'a a zaure ya tafi gida. Abin da yake gudu shi ne a wayi gari wani ya ce masa, "Malam, ka huta haka nan."

Bari in gaya muku tun yanzu abin da ni ban sani ba a lokacin. Malam Habu ba ya gani. Irin ciwon nan ne da ido ke nan garau a buɗe, amma ganin yana ta janyewa a hankali har ya zama sai haske da inuwa. In ka yi masa sallama zai juyo ya dube ka tsaf, ya kira sunanka, ya tambaye ka mutanen gida. Muryarka ya gane, ba fuskarka ba. Shekara biyu ke nan yana haka, kuma duk wanda ke ofishin ya sani. Hakimi ya sani. Ɗan'azumi masinja, wani dogon mutum mai furfura da suka yi shekara da shekaru tare, ya sani. Har ɗan acaɓar da ke kawo shi kullum ya sani, shi ya sa yake tsayawa daidai bakin dakali ba ya kuskure ko taku ɗaya. Amma ba wanda ya taɓa furtawa.

Rufa masa asiri suke yi, kowa da nasa salon. In wasiƙa ta zo daga fada, sai hakimi ya ce, "Ɗan'azumi, karanta da ƙarfi kowa ya ji," alhali kowan nan mutum ɗaya ake nufi. In Malam ya buga takarda, Ɗan'azumi ne zai zaro ta daga firinta, ya bi ta da ido a kan hanyarsa ta kai wa hakimi. Ba a matsar da kujera a ofishin nan, ba a sauya wa buta wuri. Ni da na zo na ɗauka tsabar son tsari ne irin na tsofaffin ma'aikata.

Aikin kuwa ga yadda yake yin sa. Da tafireta ya fara tun yana saurayi, don haka yatsunsa sun san mazaunin kowane harafi ba sai ya duba ba. Da aka kawo kwamfuta, lokacin idonsa da saura, ya koyi iya abin da zai ishe shi. Da ganin nasa ya fara tafiya sai ya mayar da komai ƙirge. Zai kunna ta, ya jira wani ɗan sauti da take yi in ta gama tashi, ya danna maɓalli biyu da ya sani, sannan ya riƙa saukowa. In ya sauko sau ɗaya, wasiƙa zuwa fada ce za ta buɗe. Sau biyu, takardar shaidar ɗan ƙasa. Sau uku, cinikin gona. Sau huɗu, sulhu. Linzamin nan na kwamfuta da muke ja da hannu ko taɓa shi ba ya yi, yana can gefe an naɗe masa wayarsa. Duk wannan daga baya na ji shi, bayan ya daina amfani ga kowa.

To, sai ga ni. Saurayi ɗan shekara ashirin da tara, na gama difloma a Kazaure, an turo ni daga sakatariyar ƙaramar hukuma wai in taimaka da harkar kwamfuta. Ba wanda ya nemi taimakon. Ina da jakar ratayawa, da filas uku na adana bayanan kwamfuta a wuya kamar layu, da wani farin gilashi da nake sawa ba don ciwon komai ba, don dai in yi kama da masu ilimi (Allah ya yafe mini wannan gilashi). Tun ranar farko Ɗan'azumi ya laƙaba mini "Injiniya". Tsokana ce, amma ni na karɓe ta hannu biyu, har in wani ya kira ni da sunana na yanka sai in ji kamar ya rage mini wani abu.

Matsalata ita ce ba ni da aikin yi. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, kuma tana da mai ita. Sai in zauna a benci ina kallon bayan Malam Habu yana bugu, raina yana ɓaci. Babbar manhajar da ke tafiyar da injin, wadda komai ke hawa kanta, tsohuwa ce tukuf, irin wadda a makaranta aka ce mana an daina yayinta, masu ita ma sun daina kula da ita. Ga sabuwa ta fito, kowa a Kazaure ita yake sawa. Ni kuma na iya sa ta, sau biyu na yi a aji. Abin ya tsaya mini a rai kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Na fara da Malam Habu kansa. Na durƙusa gefen teburinsa na ce, "Baba, injin nan naka fa an bar shi a baya. Akwai sabon tsari, ya fi sauri, ya fi kyan gani. Rana ɗaya kawai zan ɗora maka."

Ya juyo ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. "Ɗana, ita wannan mun saba da juna. Ka bar mu haka."

Na ce a raina, tsoron zamani ne. Bayan kwana biyu na samu hakimi bayan an tashi daga zama, na zube na yi gaisuwa, na zuba masa bayani har da ƙwayoyin cutar da ke kama tsofaffin injuna. Ya saurare ni har na gaji don kaina.

"Injiniya, yanzu dai tana aiki ko?"

"Tana yi, ranka ya daɗe, sai dai..."

"To madalla. A bar ta."

Ya juya ya ci gaba da magana da wani dagaci. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san an rufe magana ke nan. Ni ma na sani. Amma na fito ina ce wa kaina ai bai ce a'a ba, bai dai gane ba ne.

Na uku Ɗan'azumi ne, kuma shi ya same ni, ba ni na same shi ba. Ya tsare ni a gindin darbejiyar ƙofar ofis, ya rage murya. "Injiniya, don girman Allah ka nemi wani abin ka gyara. Ga agogon bango can ya tsaya tun bara. Ga fanka tana kuka. Injin Malam ka fita harkarsa."

Na ce, "Saboda me?"

Ya waiwaya ya dubi ƙofar ofis. Sannan ya ce, "Saboda na roƙe ka."

Wallahi na ji nauyin maganar. Amma kaina ya riga ya kumbura. Na ƙudurta cewa mutanen nan sai an yi musu alheri da ƙarfi, in sun gani da idonsu za su gode. Ranar Juma'a da za a tashi na ce wa Ɗan'azumi ya ba ni makulli, gobe zan zo in hure wa injin datti in goge shi, kada zafi ya kashe shi. Ya dube ni, na rantse masa iyakarta ke nan. Ƙarya na yi wa mutumin da a haife ya haife ni, da rantsuwa a kai. Wannan ma kaɗai ta isa abin kunya, amma ita ce ƙarama a cikin labarin.

Asabar da hantsi na zo da faifaina, na ta da janareta, na kulle ƙofa. A shaide ni a kan abu ɗaya: ban ɓatar da ko harafi ba. Sai da na kwashe duk takardun ofishin na adana a filas biyu kafin in taɓa komai. Na ɗora sabuwar manhaja, ta hau lafiya lau. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ina! Sai iyayi ya motsa. Na ga Malam ya sa wa takardunsa suna da lamba, ɗaya, biyu, uku, huɗu, na ce wannan ai ba tsari ba ne. Na sake musu suna, na rarraba su gida-gida. Na sa lambar sirri, don an koya mana ofis ba ya zama ba tsaro, na rubuta ta a 'yar takarda na liƙa a gefen gilashin injin. Na ɗora hoton duwatsun Kazaure da ruwan dam a fuskar injin. Sautin da take yi in ta tashi kuwa na kashe shi, wai ni a dole ƙauyanci ne injin ofis ya riƙa kiɗa. Na warware wayar linzami na ajiye shi a dama, inda ya kamata. Na ja baya na kalli aikina, har da tafa wa kaina.

Ranar Litinin na iso da wuri, kuma da na ga dama da na gaya masa. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni jikin mahaifiyata. Amma na ƙi gaya masa. So nake ya kunna da kansa ya ga duwatsu da ruwa, ya ce, "Kai, ɗana!" Abin da nake jira ke nan.

Ashe ranar akwai babban zama. Wasu manoma biyu ne, 'yan wa da ƙani, ɗaya a garin yake, ɗaya ya taso daga wajen Babura, sun shekara uku suna rigima a kan iyakar gonar gado. Maganar ta kai har fada, aka turo wakili, wani Alhaji mai sanyin murya da littafi a hannu, don a kashe ta kafin ruwa ya sauka a fara shuka. Zaure ya cika: dagatai, da limami, da shaidu, da 'yan uwan kowane ɓangare har waje. Aka yi ta fama tun safe. Wajen azahar Allah ya kawo daidaito, aka tsaya a kan cewa iyaka ta tashi daga tsamiya ta miƙe zuwa tsohuwar rijiya, gamban da ke tsakani kuma na kowa ne.

Al'adar wurin ita ce in an yi sulhu ba mai tashi sai an rubuta, an karanta, kowa ya dangwala yatsa. Don in aka bari suka koma gida suka kwana, 'yan uwa za su hure musu kunne, gobe a dawo sabuwa. Saboda haka teburin magatakarda a cikin zauren yake, a kusurwa, ya ba jama'a baya, fuskar injin tana kallon kowa ta saman kafaɗarsa.

Hakimi ya ce, "Malam Habu, bismillah."

"Ranka ya daɗe."

Ya gyara zama, ya danna makunni. Injin ya tashi cikin ƙiftawar ido, duwatsu da ruwa suka bayyana, ga ɗan akwatin lambar sirri a tsakiya. Wani dagaci ya ce, "A'a, an yi sabon abu." Na gyara gilashina, na duba hagu da dama. Na ga Ɗan'azumi ya kafe ni da ido, fuskarsa ta sauya, amma ban karanta komai a ciki ba.

Malam Habu bai motsa ba. Hannayensa na kan madannai, kansa a ɗan karkace. Sauti yake jira. Minti ɗaya, minti biyu. Zaure ya fara tari da gyaran murya. Da ya ga shirun ya yi yawa, ina jin ya ɗauka hayaniyar mutane ce ta hana shi ji, sai ya danna maɓallansa biyu, ya sauko sau huɗu, ya fara bugu.

Jama'a, ban taɓa ganin bugu mai kyau kamar na ranar ba. Yatsu goma suna tafiya ba gargada, bayansa a miƙe, ya sa sunayen masu rigima, da na shaidu, da tsamiya, da rijiya. A fuskar injin kuwa ba abin da ke fitowa sai ɗige-ɗige baƙaƙe a cikin ɗan akwatin nan, in ya danna sauka sai ta ce lamba ba daidai ba, ta share, ya ci gaba da cika ta. Duk wanda ke zauren yana gani. Limami ya sunkuyar da kai. Hakimi ya ɗauke ido ya mayar kan rufin ɗaki. Ɗan'azumi ya fara matsowa a hankali ta jikin bango, kuma na tabbata da an ba shi rabin minti da ya san dabarar da ya yi, ko ya ce janareta ce, ko ya zare waya ya ce injin ya lalace a kawo biro.

Ban ba shi ba. Malam ya gama, ya danna a buga, ya miƙa hannu wajen firinta yana jira. Ni kuwa na ga ranar da nake jira ta zo, ranar da za a san amfanina. Na miƙe tsam daga benci, na ratsa mutane, da murmushina, da muryar da na tabbatar ta kai kunnen wakili, na ce:

"Haba Baba, ai ba ka ma shiga ba tukuna! Ga wurin lambar sirri nan ƙato a tsakiya. Ga lambar ma na liƙa maka a gefe da manyan baƙaƙe. Ba ka gani ba ne?"

Zauren ya yi tsit. Ba irin shirun da ake yi wa mai magana ba, irin wanda ake yi in an shigo da gawa. Sai ƙarar janareta daga waje. Na tsaya da yatsana a miƙe yana nuna 'yar takardar, murmushin ya bushe a fuskata, ban san inda zan kai shi ba.

Malam Habu ya janye hannunsa daga firinta. Ya ɗaga shi a hankali ya shafa gefen gilashin injin, ya lalubo takardar, ya taɓa ta da yatsa biyu. A nan ne na gane. A lalube ya same ta, ga ta a gaban hancinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hakimi ya yi gyaran murya zai yi magana, na san kuma rufewa zai yi. Malam ya riga shi. Ya dafa tebur ya miƙe, ya juyo ya fuskanci zaure.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Yaron nan tambaya ya yi, kuma a gaban manya ya yi ta, ya kamata a ba shi amsa." Ya juyo daidai inda nake. "Ban gani ba, ɗana. Shekara biyu ke nan ba na gani."

Wakili ya rufe littafinsa ya ɗora hannu a kai. Ni dai na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

"Amma mutanen nan ba za su tashi ba takarda ba," in ji Malam. "Zauna. Ka buɗe abinka, ni zan faɗa, kai ka buga."

Ya matsa gefe ya tsaya, na zauna a kujerarsa. Nan aka shiga kashi na biyu na wulaƙancina. Ni Injiniya, mai filas uku a wuya, da yatsa biyu nake bugu, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar gyaɗa a ƙasa. Sai da na sa lambar sirrin da ni na ƙirƙire ta sau uku kafin ta buɗe. Na nemi takardar sulhu na rasa gidan da na jefa ta. Zufa ta karyo mini, gilashin banzan nan ya yi ta zamewa, na cire shi na tura aljihu. Malam yana tsaye a kaina, hannu a baya, yana faɗa daga ka, jimla bayan jimla, sunan kowane shaida da na ubansa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. In na yi kuskure na koma gogewa, kunnensa na ji.

"Gogewa ta bakwai ke nan," ya ce a hankali. "Kada ka yi sauri, ba korar ka ake ba."

Abin da yake bugawa a minti biyar sai da na kusa cinye awa. Aka karanta, manoman suka dangwala yatsa, limami ya yi addu'a. Da za a watse wakili ya taso har inda Malam yake, ya kama hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Amma kowa ya san an aiko shi ne ya gani ya koma ya faɗa, kuma ba mutumin da zai ɓoye wa fada abin da aka furta a gaban dagatai ba ne.

Na samu Ɗan'azumi a waje yana wanke kofunan shayi. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Ko kallona bai yi ba. Haushin kaina ya sa na juye shi a kansa, na ce, "To ku me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Mutum uku suka gaya maka."

"Ba wanda ya ce mini ba ya gani!"

Sai a lokacin ya ɗago. "Yanzu da ka faɗa, ka ji daɗinta a bakinka? Shekara biyu, ko ni da hakimi mu kaɗai a ɗaki ba mu taɓa furta kalmar nan ba. Mutumin da ya koya wa hakimi riƙe alƙalami, mu zauna muna cewa ya makance? Kai ka zo wata uku, ka faɗe ta a zaure." Ya ci gaba da wankinsa.

Washegari Malam bai zo ba. Na hau acaɓa na tafi Kazaure, na bi masu gyara ɗaya bayan ɗaya har na samo faifan tsohuwar manhajar a wajen wani da ya yi mini dariya kafin ya ba ni. Na wuni biyu ina mayar da komai. Na dawo da sautin, na cire lambar sirri, na mayar da ɗaya, biyu, uku, huɗu, har wayar linzami na naɗe. Ranar Alhamis bayan la'asar na tafi gidansa.

Na same shi a soro a kan buzu, da carbi. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa nesa da shi. Kafin in yi sallama ta biyu ya ce, "Injiniya ne? Matso."

Na ba shi haƙuri da duk kalmar da na sani. Na ce, "Baba, na mayar da ita yadda take. Komai da komai. Gobe in ka zo za ka same ta kamar ba a taɓa ta ba."

Ya ci gaba da jan carbi. "Ka kyauta, ka sha wahala. To mutanen da ke zaure fa, su ma ka mayar da su yadda suke?"

Bai jira amsata ba, ya ɗora.

"Na yafe maka, har ga Allah. Ba mugunta ka yi ba, rawar kai ce, kuma ni ma na yi tawa a zamanina. Amma da, in na shiga zauren nan magatakarda ne ya shigo. Yanzu in na shiga, kowa zai riƙa janye ƙafa yana ba ni hanya. Ba zan iya ba. Kuma ba zan zauna jiran takarda daga fada ba, gara tawa ta riga tasu." Ya ajiye carbin. "Gobe ka zo da wuri. Akwai wasiƙa ɗaya da za ka buga mini."

Ranar Juma'a da safe, kafin kowa ya zo, muka zauna mu biyu, Ɗan'azumi na bakin ƙofa. Na ce ya zauna ya buga da kansa, ga inji ya dawo daidai. Ya ce a'a, ya riga ya yi sallama da ita. Ya tsaya a kaina ya fara faɗa: gaisuwa, da godiya ga hakimai uku, da neman izinin ajiye aiki. Sai ya zo kan dalili.

"Rubuta: saboda idanuna sun gaza."

Yatsuna suka tsaya. Na ce, "Baba, ko a ce saboda gajiya? Ko rashin lafiya kawai?"

"Ban ji kana bugawa ba."

"Baba, da nauyi."

Ya dafa kafaɗata. Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ma faɗan ya yi. "Ka faɗe ta a gaban liman da dagatai ba ka ji nauyi ba, sai yanzu za ka ji kunyar takarda? Rubuta, ɗana."

Na rubuta, hawaye na ɗiga a kan madannai. Ɗan'azumi ya kama hannunsa ya ɗora a inda zai sa hannu, karo na farko da ya yi haka a fili.

An yi masa addu'ar a zaure, an cika, hakimi da kansa ya rako shi har bakin dakali. Amma saura wata bakwai da 'yan kwanaki kafin ranar da ya ɗiba wa kansa, kuma duk wanda ya ɗaga hannu a wurin ya san wanda ya cinye masa su. Ina can baya a tsaye, ba wanda ya harare ni, ba kuma wanda ya matsa mini wuri.

Abin da na koya ban same shi da arha ba, kuma wani ne ya biya. In manya suka ce maka bari, ka tambayi dalili suka yi shiru, ba rashin dalili ba ne, dalilin ne ba ya faɗuwa. Tun daga ranar, kafin in sabunta wa wani ko da wayar hannu ce, sai na zauna na ga yadda yake amfani da tsohuwar tukuna.

Bayan wata biyu takarda ta zo daga sama, Ɗan'azumi ya miƙo mini ba tare da ya karanta da ƙarfi ba. Ni aka ba kujerar Malam Habu. A layi na biyu an rubuta dalili: wai saboda ƙwarewata.